Banɗakin gidan haya: mu yi maganar tsakaninmu

Ku matso kusa ƙawayena, yau maganar banɗaki za mu yi, wadda ba a cika yi a gaban baƙi ba. Kowace a cikinmu ta san yadda gidajen haya na Gusau suke. Tun da garin ya zama hedikwatar jihar Zamfara a 1996 ake ta gina filat-filat, daga Tudun Wada zuwa Samaru har Damba, ga kuma 'yan uwanmu na Tsafe da Bungudu da ƙauyuka da rashin tsaro ya sa suka dawo cikin gari. Falo dai a yi shi da faɗi, amma banɗaki sai a matse shi a lungu, idan kin tsuguna gwiwarki na taɓa ƙofa.

To, in Allah ya hore kin ce za ki gyara, shawarata ita ce kada tayil ya fara ɗaukar miki hankali. Ruwa za ki fara tunani. Mu nan famfo ba kullum yake kawowa ba, sau da yawa 'yan ga-ruwa ne ke rufa mana asiri. Tsohon masai na zama, irin mai tanki a baya, yana zubar da wajen lita 9 a ja ɗaya, jarka mai lita 25 ba ta isa ja uku. Na zamani mai maɓalli biyu yana cin lita 3 ko 6. Na tsugunno kuwa buta da ɗan bokiti sun ishe shi, kuma wallahi ya fi sauƙin tsarki, ni dai shi nake so a gidan da yara suke da yawa. Sai dai in akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa a gidan, kamar Innarmu, ki sa mata na zama, ki kuma sa a kafa ƙarfen dafawa a bango. Wannan ba almubazzaranci ba ne, haƙƙinta ne.

Kuma ki bar wa bokiti wurinsa. Masu aiki suna son su cika ɗaki da kwamin wanka da kwanon wanke hannu mai faɗi, alhali da bokiti za mu yi wanka ranar da tankin sama ya ƙafe. Ƙaramin famfo a ƙasa, daidai bakin bokiti da buta, ya fi shawa amfani sau goma.

Inda nake so ku ba ni hankalinku shi ne abin da ke ƙarƙashin tayil. Ranar da mai tayil zai shimfiɗa ƙasa, ki tsaya a kansa ko ki sa maigida ya tsaya. Dole ƙasan ta gangara zuwa rariya, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In babu gangarar nan, ruwan wanka zai kwanta a kusurwa, ya yi gansakuka, ke kuma ki ƙare da tsintsiya kullum kina kora. In a bene kike, abin ya fi haka nauyi, domin ruwan da ya tsiyaya a wurinki a silin ɗin maƙwabciyarki ta ƙasa zai fito, kuma kun san yadda zumunci ke lalacewa a kan irin wannan. Don haka a shafe ƙasa da gindin bango da maganin hana ruwa ratsawa, a toshe rariya, a tara ruwa ya kwana ya wuni, a sauka a duba silin, sannan a ɗora tayil. Mai aiki zai ce miki ɓata lokaci ne, Hajiya. Ki ce masa kin ji, amma a yi.

Tayil na ƙasa a zaɓi mai kaushi. Mai sheƙi na bango ne, a ƙasa in ya haɗu da sabulu santsinsa na iya karya mutum.

Wari kuma, wanda muke ta fama da shi da turaren wuta, yawanci daga bututu yake tasowa. Akwai lanƙwasa a ƙarƙashin masai da rariya da ke riƙe ɗan ruwa, shi ke tare iskar sokawe. In ba a sa ta ba, ko ruwan cikinta ya bushe lokacin hunturu saboda kin yi tafiya, ko wane turare kika sa ba zai yi magani ba. Taga ko ƙarama ce a buɗe ta, ƙofar katako a canza ta da ta alminiyom, ta riƙa buɗewa waje don ki sami fili. Kafin a kafa masai kuma a duba alƙibla, a karkatar da shi kudu ko arewa, hankali ya fi kwanciya.

Saura maganar mai gidan haya. Kada ki fasa ko tayil ɗaya sai kun zauna da shi, kun yi magana a kan ko za a cire kuɗin aikin daga na haya, an rubuta a takarda da shaidu. Mun sha ganin wadda ta zuba adashenta kaf a banɗaki, shekara na zagayowa aka ƙara mata haya saboda gidan ya yi kyau. Ku yi aikin da rani kafin damina ta sauka, kuma don Allah wadda ta sami mai tayil na kirki ta faɗa wa sauran.