Daga Zango Zuwa Ada

Ɗan Zangon Kumasi ya san ayu tun yana yaro, amma a bakin masu magani kaɗai, masu tallar mansa a kwalba. Kakanninsa fatake ne, goro ya kawo su Asante, jaki suka sani, ba filafili ba. Sai ya gangara Ada Foah, inda Kogin Volta ke shiga teku, ya tuƙa kwalekwale tsakanin tsibirai, sannan zai ji masunta na cewa ganin ayu ya yi wuya, farauta da taru sun rage shi ƙwarai. A wannan gaɓar ce kuma kififiyar teku ke fitowa da dare, wajen Nuwamba zuwa Maris, ta binne ƙwanta a rairayi, ta koma ruwa kafin asuba.