Kogin da aka ƙafar don a yi wa motoci hanya

1/ Jama'a, na daɗe ina yi wa Turawa dariya idan na ga suna kuka a kan wurin wasan yara. Sai ga shi a watan Yulin 2025 ni ma na tsaya a layi cikin rana, ina jiran a tsallakar da ni wani tsibiri da ya rage kwana uku a rufe. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni 🧵

2/ Ina zaune a Orlando, jihar Florida a Amurka, a gidan Yayata. Karatu ya kawo ni. Wanda ya san garin ya san arzikinsa kusan duk a kan wuraren shaƙatawa yake. Babbansu shi ne Magic Kingdom na kamfanin Disney, an buɗe shi 1 ga Oktoba 1971, kuma sama da mutum miliyan 17 ke shigarsa a shekara.

3/ Wurin yana da 'yan gani-kashe-ni. Ba yara ba fa, manya masu furfura. Akwai masu tikitin shekara da ke zuwa duk mako. Akwai masu tashar YouTube da ba su da aiki sai su nuna maka yau an sauya fentin wani benci. Idan kana ganin musun 'yan Madrid da Barca ya yi zafi, ba ka shiga zauren waɗannan ba.

4/ Farkon haɗuwata da rigimarsu Janairun 2023 ce, da aka rufe Splash Mountain. Wani lilo ne na ruwa, a zaunar da kai cikin gungume a sako ka daga sama ka jiƙe sharkaf. An gina labarinsa a kan fim ɗin Song of the South na 1946, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya ƙawata zaman baƙar fata a gonakin kudancin Amurka.

5/ Ranar ƙarshe mutane sun yi sama da awa uku a layi. Wasu suka ɗebo ruwan wurin a kwalba suka sa a kasuwa a eBay. Ruwa fa! Na tura wa abokaina na gida hoton na ce ku ga abin da ƙoshi ke jawowa. Mun sha dariya ranar.

6/ A Yunin 2024 aka sake buɗe shi da sunan Tiana's Bayou Adventure, labarin gimbiyar Disney baƙar fata ta farko. Aka yi ta musu, wasu da hujja, wasu kuma kana karanta sharhinsu ka san ba lilon ne ya dame su ba. Ni dai ɗan kallo ne.

7/ Sai Agustan 2024. Disney suna da babban taron masoya da ake kira D23 a Anaheim. Shugaban ɓangaren wuraren shaƙatawa na lokacin, Josh D'Amaro, ya hau dandamali ya jero sabbin abubuwa: yanki guda na mugayen taurarin finafinansu, da sababbin lilo biyu na fim ɗin Cars. Zauren ya ɗauki tafi da ihu.

8/ Abin da ba a faɗa a dandamalin ba shi ne INA za a sa motocin. Bayan kwana biyu aka saki zanen yadda wurin zai kasance. Mutane suka duba, suka sake dubawa. Babu kogi. Babu tsibiri. Babu jirgi.

9/ Bari in yi bayani. A lokacin, a cikin Magic Kingdom akwai wani kogi da aka haƙa da hannu, Rivers of America. Ya zagaye wani tsibiri, Tom Sawyer Island, wanda aka buɗe a 1973, sunan yaron nan na littafin Mark Twain. Wani farin jirgin ruwa mai hawa uku, Liberty Belle, yana zagaye shi da tururi, a hankali kamar ba ya son isa.

10/ Tsibirin ba shi da lilo ko ɗaya. Sai an ɗauke ka a wani fallen jirgi na gungumen itace an tsallakar da kai. Can za ka tarar da bishiyoyi, kogo mai duhu, gada da aka ɗora a kan ganguna tana rawa in ka taka, wata ganuwar katako ta sojojin da, da kujeru masu lilo a bakin ruwa. Shi ke nan.

11/ Intanet ta kama da wuta. Takardun koke, bidiyon awa guda, zagi. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne sun yi tafi kafin su san farashin abin da suke yi wa tafi. Ni kuwa na buɗe baki zan yi dariyar da na saba, sai ta ƙi fitowa.

12/ Saboda a 2019 Baba ya zo ganin jikansa na fari, ɗan Yaya, wanda aka sa wa sunansa, shi ya sa muke kiransa Abba. Mijin Yaya ya dage sai an kai Baba Disney. Baba bai so ba. Yana da ciwon gwiwa, kuma shi mutum ne da ko bikin dangi in an kunna kiɗa sai ya nemi ƙofa.

13/ Kafin azahar ya gaji liƙis. Zafin Florida ba irin namu ba ne, jiƙa ka yake yi kamar an rufe ka da bargo mai ruwa. Ko'ina layi, ko'ina kiɗa, ko'ina kanti. Ya ce min a hankali don kada surukinsa ya ji: "Kai, ba inda mutum zai zauna a garin nan?"

14/ Na duba taswira na ga tsibirin. Muka bar su Yaya, muka tsallaka mu biyu. Wallahi kamar an rage ƙarar rediyo. Baba ya samu kujera mai lilo ya cire takalmi. Ya yi sallarsa a wani lungu ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya ko kalle shi.

15/ Mun fi awa biyu a nan. A gida ni da Baba ba ma doguwar hira, ku da kuka tashi a gidan Bahaushe kun gane. Gaisuwa, umarni, "to Baba". Amma ranar ya ba ni labarin yadda yana yaro suke tsallake gulbi da damina a kan ƙwarya, da yadda ya kusa nutsewa bai taɓa gaya wa Kaka ba.

16/ Duk lokacin da jirgin ya wuce ya yi kukansa, sai Baba ya ɗaga wa mutanen ciki hannu, su ma su ɗaga masa. Da na gaya masa jirgin a kan dogo yake tafiya a ƙarƙashin ruwa, matuƙin ba shi ke juya shi ba, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe shi ma ɗan amshin shata ne."

17/ Baba ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Ban samu zuwa jana'iza ba. Wannan zaman shi ne hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

18/ To yanzu ga inda abin ya ɗaure min kai, kuma shi ne dalilin zaren nan. Daga 2019 zuwa ranar da aka yi sanarwar, sau nawa na koma tsibirin? Sau ɗaya. Na shiga Magic Kingdom ya fi sau goma, ina raka baƙi. Kullum sai in hango shi daga nesa in ce wani zuwan.

19/ Kuma ba ni kaɗai ba. Da yawa daga masu ihun nan in ka matsa musu za su ce maka rabonsu da hawa jirgin an yi shekaru. Abin da muke so a wurin shi ne ba kowa. Kuma ba kowan nan shi ne hujjar da aka kafa aka cire shi. Da muna zuwa da yawa da ya tsira, amma da ba zai zama wurin da Baba ya cire takalmi ba.

20/ Ku kalle shi ta idon mai kasuwa. A 2025 tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, ranakun cunkoso ya doshi 200. Mutum ya biya wannan kuɗin, ya yi awa guda a layi don lilon minti uku. Ga fili makeke a tsakiya wanda 'yan tsiraru ke amfana da shi. Ko kai ne za ka yi lissafi.

21/ Ga kuma kishiya. Kamfanin Universal ya buɗe sabon wurinsa, Epic Universe, a nan Orlando ranar 22 ga Mayu 2025. Disney kuma tun 2023 suka ce za su zuba kusan dala biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren shaƙatawa da jiragen yawon teku. Ba kogin kaɗai abin ya ci ba: Muppet*Vision 3D ma an rufe shi a Yunin 2025, yankin DinoLand shi ma an yanke masa hukunci.

22/ Masu goyon baya suna yawan tuna wa mutane cewa Walt Disney da kansa ya ce wurinsa ba zai taɓa kammaluwa ba, kullum za a yi ta sauya shi. Gaskiya ne. Amma masu adawa suna da amsar da ni ta fi kama ni.

23/ Suka ce kogin ba abin hawa ba ne da za a ƙirga mutum nawa ya ɗauka a awa. Ko ba ka taɓa tsallaka shi ba, kana tafiya a gefensa kana ganin ruwa da sarari. Kana layin Haunted Mansion kana jin kukan jirgi. Kamar inuwar dalbejiya a ƙofar gida: ba ka biya ba, ba ka ma lura da ita ba, sai ranar da aka sare.

24/ Sun kuma ce Disney suna da daji mai faɗi a bayan wurin, me ya hana a faɗaɗa can? A Disneyland na Kalifoniya da aka zo gina yankin Star Wars, rage tsawon kogin aka yi, ba a cike shi ba, yana nan har gobe. Wannan tambayar ban ga wanda ya amsa ta yadda ta gamsar da ni ba.

25/ Sai dai akwai wani ɓangare na masoyan da ya ƙona min rai. Waɗanda ke zagin duk wanda ya ce yana murna. Wata uwa ta rubuta cewa ɗanta zai yi farin ciki da motocin, suka yi mata caa, wai irinta ne suka lalata wurin. Haba. Wurin wasan yara ne fa, kuma yaro ya ce yana so.

26/ Na san haka ne don muna da irinsa a gida. Abba yanzu shekararsa bakwai. Jakarsa ta makaranta Lightning McQueen, bargonsa Lightning McQueen. Da na nuna masa zanen sabon wurin, wanda suka sa wa suna Piston Peak, sai da ya yi tsalle a kan kujera. Mai sunan Baba ke nan.

27/ Aka sanar ranar ƙarshe 6 ga Yuli 2025. Na ce wa Yaya mu je. Ta ce, "Ka je ka yi me? Baba ba ya can. In kana da kuɗin tikiti ka aika gida a yi masa sadaka." Na ce, "Yaya, ai ba a hana yin duka biyun ba." Ta yi shiru, can ta ce in tafi da Abba, kuma in tabbata na aika ɗin. Na aika.

28/ Muka je ranar Alhamis. Layin tsallakawa, wanda a da kake zuwa ka hau kawai, ya miƙe har ya lanƙwasa. Kowa da waya a sama. Wani yana yi wa mabiyansa bayani kai tsaye, muryarsa na rawa. Wata tsohuwa tana riƙe da hoton 'ya'yanta na shekarun 1980, tana neman daidai inda aka ɗauka.

29/ Ban yi wa kowa dariya ba. Na tuna mai kwalbar ruwan nan ma na ce wa ya sani.

30/ A tsibirin kujerun duk da mutane, wasu na tsaye suna jiran a tashi su zauna a ɗauke su hoto. Na jira na samu. Na zauna bai fi minti biyu ba, saboda wani bawan Allah yana tsaye a kaina cikin ladabi yana jiran nasa. Shirun da na zo nema mu da kanmu muka kore shi.

31/ Abba kuwa ya ɓace min a kogo, ya fito ta wani gefen, ya koma. Ya tsallaka gadar gangunan nan sau shida, na ƙirga. Ya hau ganuwa yana harbin iska. Da ƙyar na janyo shi da za a rufe.

32/ A jirgin dawowa ya ce, "Kawu, gobe ma mu dawo nan." Na ce rufewa za a yi, nan ne za a sa motocin. Ya juya ya kalli tsibirin, ya kalle ni. Ya ce, "To a sa su a can mana," yana nuna wani wajen da hannu. Mutanen da ke kusa ba su ji Hausa ba, amma da na fassara musu wani dattijo ya miƙo masa hannu suka tafa.

33/ Yanzu an kewaye wurin da katanga, an janye ruwan. Na ga hotunan da aka ɗauka daga sama, har dogon da jirgin ke bi ya fito fili a cikin laka. Na tura wa Yaya ba tare da na rubuta komai ba. Ta amso da: "Ɗan amshin shata 😂". Ashe Baba ya ba ta labarin tun a daren.

34/ Abba ya riga ya sa na yi masa alkawarin ranar da aka buɗe motocin ni zan kai shi. Ya ce shi zai zauna a gaba.