Lokacin da Ladan Aikin Intanet Ke Zuwa a Ambulan

Matashin da ke ɗora bidiyo a YouTube yau, ko wanda ke zana wa wani kamfani na Turai tambari daga ɗakinsa a Zariya, ƙarar alat kawai ya sani. Wayarsa ta yi tsuwa, ya duba, kuɗi sun shigo. Da wuya ya yarda cewa yayyensa da suka fara wannan nema takarda suke jira, takardar da sai ta hau jirgi ta ƙetaro teku, ta kwana a buhun gidan waya, kafin ta iso hannun mai ita, in Allah ya sa ta iso. Caki ne na dala, a cikin ambulan.

Akasarin waɗanda suka ga wannan caki a Najeriya ta hanyar tallan Google suka gan shi. A 2003 kamfanin ya ƙaddamar da AdSense, tsarin da mai shafin intanet zai ba da wuri a liƙa talla, duk wanda ya latsa a rubuta masa 'yan santoci. Da yawa daga cikin masu shafukan ba su da kwamfutar kansu. A shagon intanet suke sayen awa, ko su biya kuɗin kwana don ya fi araha kuma layin ya fi gudu da dare. Ƙari a kan haka, Hausa ba ta cikin harsunan da tsarin ke karɓa a lokacin, don haka Bahaushen da ke son ya samu wani abu dole ya yi rubutunsa da Turanci.

Tun kafin a kai ga maganar caki akwai shingen farko. Idan kuɗin mutum suka kai dala 10, sai a aiko masa da wani ɗan kati mai lambar sirri ta gidan waya, don a tabbatar yana zaune a adireshin da ya rubuta. To, a nan fa ake yin ta. Mu a unguwanninmu kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, a tambayi gidan Alhaji wane. Babu ma'aikacin gidan wayan da zai bi wannan da wasiƙar Amurka a hannu. Sai mutum ya ari lambar akwatin makarantar da ya gama, ko ta ofishin da yayansa ke aiki, ya yi ta zarya yana tambayar masinja ko an ga wata wasiƙa da sunansa. Wasu katin bai taɓa iso musu ba. Sun yi aikin, suna ganin kuɗinsu a allon kwamfuta, amma hannu bai kai ba.

Wanda ya tsallake wannan sai ya jira kuɗin su cika dala 100, domin ƙasa da haka ba a biya. Ga ƙaramin shafi, hakan kan ɗauki watanni. In sun cika, a buga caki a saka a ambulan. Ta gidan waya makonni ne, ta kamfanin kai saƙon gaggawa kuwa 'yan kwanaki ne, amma a cikin kuɗinka za a cire ladan kawowa. Kuma caki yana da wa'adi. In ya yi nauyin ƙafa a hanya ya lalace, sai a nemi a soke shi a sake bugo wani, jira ya koma sabo.

Duk wanda ya taɓa riƙe shi ba zai manta kamanninsa ba. Doguwar takarda ce mai layin yagewa, sunan mutum da manyan baƙaƙe, dala ɗari da 'yan kai an rubuta da lamba an kuma maimaita da kalmomi. Ba a yarda ya yamutse. A tsakiyar littafi ake saka shi, littafin a cikin jaka, kuma kafin a nufi banki sai an tsaya an yi masa hoto a shagon kwafi. Sunan nan da ke jiki shi ne ya fi ba mutanenmu wahala. Wanda ya yi rajista da Muhammad, katin shaidarsa na ɗauke da Mohammed, asusun bankinsa kuma Muhammadu, ya gamu da aiki. Harafi ɗaya ya isa a turo masa takardarsa ta ƙasan gilashi a ce ba shi ba ne.

Shi kansa bankin ba a shiga da asusun ajiya na naira. Sai asusun dala, wanda buɗe shi ke buƙatar mutum biyu masu babban asusu su tsaya maka, ga kuma dalar da za ka fara zubawa. Ina ɗalibi zai samo waɗannan? Shi ya sa wasu suka riƙa yin rajista da sunan wani ɗan'uwa ɗan kasuwa mai irin wannan asusu, cakin ya fito da sunansa, in kuɗi sun faɗo ya miƙo. Inda aka dace da mai amana, lafiya lau. Inda ba a dace ba, zumunci ya yi tsami a kan dala ɗari.

Ko an karɓi cakin, ba a nan take ake biya ba. Banki zai mayar da shi Amurka ta hannun bankin da yake hulɗa da shi a can, a tantance, sannan a turo kuɗin. Wato takarda ɗaya ta ƙetare teku sau biyu a kan aikin da ya isa duniya cikin daƙiƙa. Makonni ake yi, wani lokaci a haura wata, sannan a cire kamasho a can, a cire a nan. Ma'aikatan banki kuma suna da dalilin ɗari-ɗari, domin zamani ne da cakin bogi ya zama jarin 'yan damfara, har aka kafa EFCC a 2003. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shigo da cakin dala, kallon farko da za a yi masa ba na mai sana'a ba ne. Laifin wasu ne, amma masu neman halal suka sha tambayoyi a kansa.

Marubutan da suka saka littattafansu a Amazon su ma caki suke jira, su ma sai ya cika dala 100, kuma ana cire musu kashi 30 cikin ɗari na harajin Amurka tun daga tushe, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasar da Najeriya. PayPal, wanda ya sauƙaƙa wa sauran duniya, bai buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa ba sai a 2014, kuma a lokacin ta biya ce kawai, ba ta karɓa ba.

Duk da haka mutane sun jure, kuma akwai dalili. A wajajen 2011 dala tana kusan naira 150, ke nan caki ɗaya ya kai naira 15,000, a shekarar da aka sa mafi ƙarancin albashi a naira 18,000. Mutumin Kano kan ciro dalarsa a hannu ya nufi Wapa, ya samu ɗan ƙari a wajen 'yan canji. Akwai kuma wani amfani da ba na kuɗi ba. Uban da ya daɗe yana zargin kwanan shagon intanet, ranar da aka ɗora masa takardar nan a tafin hannu, da sunan ɗansa da sunan banki a jiki, ranar hankalinsa ke kwanciya ya sa albarka. Alat ba ya yin wannan aikin.

Amma ni ba na kewar caki. A ganina ya tace mutane ba bisa gwaninta ba, sai bisa wa ke da akwatin gidan waya da wa ke da mai tsaya masa a banki. Yara masu basira daga Gumel, Funtuwa da Azare sun haƙura sun koma wata sana'a, ba don sun gaza ba. Sai da aka fara turo kuɗi kai tsaye cikin asusu, katunan Payoneer suka yaɗu, sannan ƙofar ta buɗe wa na ƙasa.

Akwai abin da bai tafi da caki ba, wato rikicin suna. Har gobe ana riƙe wa mutane kuɗi saboda shi. Ƙanena mai shirin fara wannan nema, kafin ka yi rajista a ko'ina, ka je ka daidaita rubutun sunanka a katin ɗan ƙasa, da BVN, da asusun banki, ya zama iri ɗaya harafi da harafi.