Fumfunar da Ke Cin 'Ya'yan Sauro

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk lokacin da na zo karantar da aya ta 26 a Suratul Baƙara, inda aka buga misali da sauro, ɗalibai kan tambaye ni: shin akwai abin da ya fi sauro ƙanƙanta kuma yake iya rinjayarsa? Lalle akwai.

A shekarar 1921 wani masani a Ingila, David Keilin, ya siffanta wata fumfuna da aka samu a cikin tsutsar sauro, wato waɗannan 'ya'yan nasa masu mutsu-mutsu a kwatami da tsohuwar taya. Ya sa mata suna Coelomomyces. Takan huda fatar tsutsar, ta bazu a cikinta, ta cinye kitsen da ta tara domin rikiɗa, har cikin ya cika da ƙwayoyin irinta masu launin tsatsa. Galibi tsutsar kan mutu tun ba ta yi fiffike ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne macen da ta tsira ta girma: a wani nau'in, fumfunar kan mamaye mata jakar ƙwai, sai ta je bakin ruwa yin ƙwai, ta zuba irin makashin 'ya'yanta. Subhanallahi!

To, me ya hana a yi ta nomanta ana watsawa a kududdufai? An yi shekaru da dama ana gwadawa a ɗakin bincike, tana ƙin kama sababbin tsutsotsi yadda ake so. Sai wajen 1975 Howard Whisler da abokan aikinsa suka bayyana dalili: rayuwarta ba ta cika sai ta ratsa jikin wani ɗan ƙwaron ruwa, Cyclops, dangin wanda ke ɗauke da kurkunu, cutar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. A jikinsa take haifar da namiji da mace na irinta, su haɗu, sannan su koma kan sauro.

A ganina falalarta ita ce cikas ɗinta. Ba ta taɓa kifi ko ƙudan zuma, amma mai son yawaita ta dole ya yi kiwon sauro da ƙwaron ruwan gaba ɗaya, shi ya sa har yau ba ta zama maganin da ake saye a kanti ba. Don haka, 'yan uwa, kada wanda ya naɗe gidan sauronsa tukuna. A zubar da ruwan gwangwanaye, a yashe magudanai kafin damina ta kankama.