Ɗakin gashin bakwaini

Da aka ce mini sashen gashin ƙashi, na zaci zan tarar da injuna da fitilu masu zafi. Ɗakin yara na wani babban asibiti a Kano kuwa katifu biyu ne a ƙasa, da wata ƙatuwar ƙwallon roba, da tawul a nannaɗe. A bakin ƙofa ake cire takalma.

Kafin ka isa sai ka ratsa baranda. Tun kafin ƙarfe takwas mata sun cika bencina, waɗanda ba su samu wuri ba sun shimfiɗa zani a ƙasa. Maza ba su fi uku ba. Da yawa daga jariran bakwaini ne, waɗanda suka zo duniya kafin ciki ya cika mako 37, wasu har sun yi makonni a kwalba. Wata da ta zo daga wajen gari ta ce mini kuɗin kati bai dame ta kamar kuɗin mota ba: motar tasha, sannan adaidaita sahu, ga kakar yaro ita ma sai an biya mata kujera.

Kakar ce ta fara magana a ciki. "Likita, watansa shida, sa'anninsa duk sun zauna."

"Hajiya, saura wata nawa a haife shi ya zo?"

"Biyu."

"To, ɗan wata huɗu ne. Haka za mu riƙa yi masa lissafi har ya kai shekara biyu."

Sai likitar ta kifa shi a katifa, ta sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin ƙirjinsa, ta ce uwar ta durƙusa gabansa ta kira sunansa. Ya ɗago kai yana rawa, ya kalle ta, ya mayar. Ya sake. A karo na uku ya fashe da kuka, aka ɗauke shi. Aikin ke nan, kuma a gida za a yi shi, kan tabarma, sau da yawa a yini, muddin yana farke kuma ana gani. Barci kuwa sai rigingine. Ta hana a tokare shi da tsumma cikin baho don ya zauna dole, ta hana keken koyon tafiya. In jikinsa ya riƙa sanƙarewa, ko kullum hannu ɗaya yake miƙawa, a dawo kafin ranar da aka rubuta.

A lungu wata mai jego na zaune da ɗanta cikin riga, ƙirji da ƙirji, daga shi sai hula da nafkin. A Bogota ta ƙasar Kwalambiya aka fara wannan dabara a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Na ce a raina, matan da suka gaji goyo ba sai an sha wahalar koya musu ba, daga baya ne kawai ya dawo gaba.

Ina neman takalmina na hangi kakar nan ta ɗauki tawul ɗin, ta warware shi, ta sake naɗewa tana gwada kaurinsa da damtsenta.