Darasin da Taransifomar Unguwarmu ta Koya Mana

Saura mako uku mu fara jarrabawa taransifomar unguwarmu ta ƙone. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke hana mutum barci a ɗaki. Rijiyar burtsatse ta tsaya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, iyayenmu mata masu sayar da zoɓo da ƙanƙara suka rasa ciniki. Mu kuwa da fitilar waya muke bitar karatu, ita ma wayar sai an kai ta wurin mai caji.

Kamar kowa, kamfanin wuta muka ɗora wa laifi. Da muka yi wa malaminmu na kimiyya ƙorafi, sai ya tambaye mu: "Idan an ɗauke wuta, wa ke zagayawa ya kashe makunnai a gidajenku?" Muka yi tsit. Ya ce kowace taransifoma tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. In an dawo da wuta, fanka da firji da hita da dutsen guga na dukan gidaje suka tashi lokaci guda, sai ta yi zafi. Yau da gobe, sai ta ƙone.

Daga nan ya sa mu lissafi. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ya yi awa goma a kunne kullum, zai ci yunit 18 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, amma ko yunit uku ba zai ci ba. Dutsen guga ɗaya kuwa yana jan wutar da ta fi ta ƙwan LED ɗari.

Ranar da mai unguwa ya kira taron karo-karon kuɗin gyara, bayan sallar isha'i, mu biyar muka je da takardar lissafinmu. Gabanmu na faɗuwa, don ba a saba yara su yi magana a taron manya ba. Ɗayanmu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu rage mata nauyi ba, baɗi ma sai mun sake wannan karo-karo." Wani dattijo ya yi dariya, amma mai unguwa ya ce, "Ku bar 'ya'yan nan su ƙarasa."

Abu uku muka roƙa: a kashe komai da zarar an ɗauke wuta, a bar guga da jona hita tsakanin magariba da isha'i, sannan duk ƙwan da ya mutu a maye shi da LED. Muka ɗauki nauyin zagaya layinmu kullum da safe kafin mu tafi makaranta, muna sallama muna tuna wa mutane fitilar ƙofar gida.

Ba kowa ya ji ba, har yanzu akwai gidan da fitilarsa ke ci da rana tsaka. Kamfani ma yana da nasa haƙƙin da ya kamata ya sauke. Amma mun gane cewa taransifoma ta unguwa ce baki ɗaya, makunni kuwa a hannunmu yake. Kai ma yau, kafin ka fito, leƙa ɗakinku tukuna.