Ɓeran da ban ba magani ba

Aikina na digiri na biyu shi ne in gwada ko sassaƙen maɗaci na kashe tsutsar ciki, kamar yadda makiyaya ke faɗa. Tsutsar gwajin sunanta Nippostrongylus brasiliensis. Ana yi wa ɓera allurar 'ya'yanta a ƙarƙashin fata, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su, su sauka a ƙaramin hanji. Wajen kwana 6 ƙwai ke fara fitowa a kashi.

Ƙa'ida rukuni uku ne: masu shan maɗaci, masu shan albendazole, da waɗanda ruwa kawai za a ba su. To farin ɓera kuɗi ne, abincinsa ma kuɗi. Na taɓa aljihu, na ce ɓeran da bai sha komai ba me zai gaya mini? Ai kowa ya san tsutsar na nan. Na soke rukuni na uku. Rashin wuta kuma ya hana ruwan maɗacin bushewa da wuri, ban fara ɗura ba sai cikin mako na biyu.

Ƙwai suka yi ta raguwa. Ranar da na leƙa gilashin McMaster, wanda ake ƙirga ƙwai da shi, na ga wayam, har tsire na saya wa abokai. Maɗaci ya yi kunnen doki da maganin Bature!

Akwai wani ɓera da ya yi saura, an yi masa allurar tsutsa amma ban sa shi a lissafi ba. Baba mai kula da dabbobi ya kawo mini kashinsa a 'yar takarda.

"Malam, duba mana na wannan marayan."

Na duba, babu ƙwai. Na ce ruwan gishirin da ke taso da ƙwai ne bai yi kauri ba, na sake haɗawa. Babu. Na goge madubin na'urar dubawa, na canza gilashi, ina gumi, Baba na tsaye bai ce uffan ba. Can na daina juya na'urar, amma ban ɗago ba, don kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ashe lafiyayyen ɓera da kansa yake korar wannan tsutsa cikin kimanin mako biyu: hanji ya yi ta fitar da majina yana murɗawa har ta fice. Bayanin yana nan cikin takardun da na jera sunayensu a babi na biyu ban karanta ba. Masu warkewa na yi ta ɗura wa ɗaci.

Malamina bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi nawa na rage da na soke rukunin. Na faɗa masa, ya ce in je in sayo rukuni uku sababbi, daga aljihuna.